Fankar Kaka da Kwaɗon Rijiya

Kakata ba ta yin tatsuniya sai an ci tuwo an wanke hannu, kuma sai da ɗari, bayan an gama kai gero rumbu. A gidanmu na Dakoro akwai wani lungu kusa da madafa, nan ake turo ragowar garwashi a ƙara masa kara. Mu jikoki mu kewaye wutar, kowa ya binne gujiyarsa cikin toka yana gadinta. Ita kuwa ta miƙe ƙafafu, ta gyara lulluɓi, ta fara da tsokanata.

"Lawali mijina, matso nan. Miji rago, ko itace bai iya kawo ma matarshi ba."

Sai an yi dariya an gama, sannan ta ce, "To, ga ta nan tahe, wa za ya tarbe ta?" Mu ce mu ne. 'Yar ƙauyen Mai Yara ce, can aka haife ta, kuma tatsuniyoyinta duk na gona ne da ruwa da yunwa. Akwai guda da nake ƙi tun ina yaro, don ba dariya a cikinta, amma ita ce ta fi maimaitawa.

Wai wata shekara Hadari ya taso daga gabas da ruwa cike da cikinsa. Bai san inda aka fi bukata ba, sai ya aiki Hankaka ya sauka wani gari ya tambayo ko ƙasa na jin ƙishi. Hankaka ya sauko, ya taka rairayi, ya ji ƙafarsa za ta toye. Sai ya tashi ya koma bakin rijiya inda ke da laima, ya leƙa ya ga Kwaɗo. Ya ce, "Kwaɗo, ana zahi garin nan?" Kwaɗo ya ce, "Zahi? Ni dai sanyi nike ji har ƙashi." Hankaka ya koma ya faɗa wa Hadari, Hadari ya wuce da ruwansa. Shuka ta bushe, jakai suka kwanta, mutane suka watse.

Nan mukan yi ca, mu ce Kwaɗo maƙaryaci ne, a kashe shi. Kaka ta ɗaga hannu.

"Kwaɗo bai yi ƙarya ba. Abin da ya ji shi ya hwaɗi. Ku dai ku tambayi wanda ya kai ƙahwa tai inda ba ta toyewa."

Daga nan ta ce ta ƙare, kowa ya tono gujiyarsa. Ni dai haushi nake ji, don ina son a hukunta wani, kuma ba a hukunta kowa ba.

Na girma, na yi lakwal, wato boko, na zama malamin lissafi a Maradi. Abin da nake yi in na samu sarari shi ne wasa da 'yan allunan nan masu ƙwaƙwalwa, mikrokontrola, waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Ka haɗa allon da ordinatar, wato kwamfuta, ka rubuta masa umarni, shi ke nan zai yi ta bi ba gajiya ba gardama. Abokaina suna cewa na haukace da wayoyi. Ban musa ba.

Bazarar da nake magana a kanta, Kaka ta tsufa ƙwarai, ba ta iya tashi daga gado sai an kama ta. Ɗakinta na kwano ne, da hantsi ya ɗaga sai ya zama tanda. Akwai fanka da ɗan pano na hasken rana da batiri, amma in aka bar fankar tana juyawa tun safe, batirin kan mutu daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ke kula da ita, ga girki ga ɗiban ruwa. Sai na ce ga ranar wasana ta zo.

Mako biyu na yi ina aikin. Na sa wa allon kaptar, wata 'yar ƙwaya mai jin zafi kamar ƙwayar wake. Na rubuta masa: in zafi ya kai talatin da biyar, kunna fanka a hankali, in ya kai talatin da takwas, sake mata duka, kada ka kashe sai ya sauka talatin da uku. Wannan tazarar na bar ta ne don kada fankar ta riƙa kamawa tana saki a kan lamba ɗaya. Na gwada da ashana, na gwada da ƙanƙara, komai daidai. Na sa shi cikin ɗan akwatin roba mai gilashin da ke nuna lamba, na kai Dakoro ranar Asabar, na rataye shi a ƙusa saman gadonta. Wallahi na ji kaina ya kumbura.

Kaka ta dube shi ta ce, "Yau kam mijina ya yi abin kai. To wa ya gaya mishi ina jin zahi?"

Na ce, "Shi ke ji da kanshi, Kaka."

Ta ce, "Uhm."

Na koma Maradi. Abin da ban sani ba, washegari Inna ta taɓa akwatin ta ji ya yi ɗumi. Hankalinta ya tashi, kayan ɗanta mai daraja za su ƙone. A gidajenmu duk abin da ake tsoron zafi ya ɓata, magani ne ko goro ko nono, gindin randa ake kai shi, kan jiƙaƙƙen rairayi. Wayar akwatin na da tsawo, sai ta sauke akwatin ta ajiye shi can, har ta rufa masa ɗanyen tsumma.

Kwana uku ina bugo waya kullum da azahar. Kuma ga abin da nake tambaya, ban manta ba: "Inna, akwatin na aiki? Wace lamba ya nuna?" Ta je ta ɗaga tsumma ta karanto mani, talatin da ɗaya, talatin da biyu. In ce madalla, ashe Dakoro ta yi sauƙi bana. Fankar ba ta juya ba ko sau ɗaya, Inna kuma ta ɗauka na'ura ta fi ta sani. Ko sau ɗaya ban ce a kai wa Kaka wayar ba. Ita kuwa mace ce da ba ta taɓa cewa wayyo, ta kwanta tana jiƙa zane da zufa.

Rana ta huɗu aka kira ni, an kai ta likita ana ƙara mata ruwa. Da na iso leɓɓanta sun tsattsage, idanunta sun faɗa. Na durƙusa na kama hannunta. Inna na gefe tana kuka tana cewa laifinta ne. Kaka ta buɗe ido da ƙyar.

"Bar kuka, ke kin yi abin da kika sani." Ta juyo gare ni. "Kai ko, mijina, kwana uku ina jin muryarka cikin waya tsakar gida. Na ce yanzu za ya ce a ba ni."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Shekara ashirin da wani abu ina ganin tatsuniyar nan a kan Kwaɗo take, sai a ɗakin likita na gane Hankaka take nufi, kuma ni ne shi. Umarnin da na rubuta babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Lamba ta fi mani sauƙin ji a kan muryar tsohuwa mai wahala, shi ya sa na tsaya wurin lamba.

Aka sallame ta, muka dawo gida. Na ɗaure kaptar a jikin gadon, daidai kafaɗarta, na ɗauki hutu na zauna. Fankar ta yi aikinta, ni ma na yi ta tambayar Kaka har ta ce na ishe ta. Amma ƙarfinta bai dawo ba. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abarsa. Kwana ne ya ƙare, na sani, kuma na yarda. Duk da haka kwana ukun nan suna nan a ƙirjina.

Ranar sadakar uku, muna zaune tsakar gida ana karɓar gaisuwa, rana ta take. Sai muka ji fankar ta tashi a ɗakinta, a hankali da farko, sannan da ƙarfi. Inna ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Lawali, don Allah."

Na shiga. An naɗe tabarma, an kwashe zannuwa, gadon ƙarfe kawai ya rage, iska na bugun sa. Gilashin ya nuna talatin da tara, kuma gaskiya ne, zafin ya kai haka. Na daɗe tsaye ina kallon inda kanta ke kwanciya, sannan na miƙa hannu na zare wayar fankar.