Takardar Yaya Iliya

Ranar wata Juma'a ce a farkon kaka, shekarar da nake aji shida a firamare, wata bakwai bayan rasuwar Babanmu. An kaɗa ƙararrawar tashi, muna tsakiyar 'yar gala-gala a gindin darbejiyar makaranta, sai ga babur ya tsaya a bakin hanyar Dayi. Na gane mai shi tun daga nesa: Malam Danjuma ne, malamin wasanni na sakandaren Malumfashi, wanda ya koya wa yayana Iliya wasan tanis. Ya yafito ni, ya zaro wata farar ambulan daga aljihu ya danƙa mini, ya ce, "Hannatu, ki ba yayanki hannu da hannu. Funtua za ni, da na ƙarasa gidan da kaina." Na cusa ta cikin littafin lissafi, na kwasa a guje, ko takalmina ban tsaya na sa ba.

A ƙauyenmu babu wanda ya san kan wannan wasa sai Yaya Iliya. Tsofaffi na ce masa wasan marasa aikin yi, mutum biyu suna korar ƙwallo ɗaya kamar masu korar kaji daga shanya. Shi kuwa ya same shi ne a makarantar kwana, a wani tsohon fili na jar ƙasa da ake ja wa layi da toka, ragarsa duk ɗinki. Ya yi ta bugawa har ya cinye gasar makarantu ta jiha. Da Baba ya rasu ya dawo gida ya ɗauki garma, amma kowace Lahadi in an taso daga coci sai ya hau keke ya nufi Malumfashi, raket, abin bugun ƙwallon, ɗaure a bayansa. Ni ma ya sassaƙa mini nawa da katako, muka ɗaura igiyar rama tsakanin turame biyu a tsakar gida, muna bugawa har sai Inna ta yi faɗa don mun tsorata awaki. Daga bakinsa na fara jin cewa ƙasarmu tana da ƙungiyar maza da ke karawa da wasu ƙasashe, in sun ci a ɗaga su zuwa rukuni na sama, in an cinye su a dawo da su ƙasa. Yakan rataye rediyo a reshen ɗorawa yana noma, ya jure duk labarin ƙwallon ƙafa don jiran 'yan kalmomin da ake faɗa a kan tanis a ƙarshe. In ya ji an sake fitar da mu sai ya yi tsaki, ya ce, "Ba hannu muka rasa ba, nema ne ba a yi."

Ranar da na kawo takardar ba ya gida. Yana gonarmu ta nesa, ƙetaren rafi, inda zai kwana uku yana karyar masara. Na tarar da Inna tana surfe, ta ga ina haki ta tambaye ni abin da ya koro ni. Ita ba ta yi boko ba, don haka ta ce in buɗe in karanta mata. Na yi ta tuntuɓe da Turancin har na kamo ma'anarsa: ana kiran Yaya zuwa Legas cikin kwana goma, zai yi wata uku a sansani tare da wasu samari, daga cikinsu za a zaɓi waɗanda za a shirya wa ƙungiyar ƙasa. Na yi tsalle ina guɗa. Inna kuwa ta dakata da surfen. Ta jingine taɓarya, ta dubi rumbunan da babu komai a cikinsu, ta dubi ƙannena uku da ke wasa a ƙasa. Masara ta bushe, dawa ta kusa yanka, auduga ta fara fashewa, ga dangin Baba sun soma cewa mace ba za ta iya riƙe gonakin ba, gara a raba tun da wuri. Ta miƙo hannu, na ba ta. A kan idona ta tura takardar ƙarƙashin tukunyar da ke kan murhu, wuta ta lashe ta. Ta ce, "Ba a ba ki komai ba. Kin ji ni?" Na ce na ji.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a ƙuruciyata. Yaya ya dawo da buhunan masara a amalanke, yana raha, yana tsokanata. Muka yi ɓarar masara har tafin hannuna ya yi kanta, muka shiga tsinkar auduga tun raɓa ba ta bushe ba. Ina kallonsa yana yankan dawa, gumi na zuba, ni kuwa ina ƙirga kwanakin a zuci: saura shida, saura huɗu, saura ɗaya. Sau biyu na buɗe baki a hanyar rafi, sau biyu na haɗiye. Aikin kaka ya hana shi zuwa Malumfashi a makonnin nan, shi ya sa babu wanda ya tsegunta masa. Tuwo ya daina shigata. Inna ta ce ciwon shawara ne, ta jiƙa mini saiwa, alhali ta san abin da ke cina.

Sai bayan mako uku Malam Danjuma ya zo gidan, da fara'arsa, wai ya zo jin ko an samu labarin isar ɗalibinsa lafiya. Ya tarar da shi a ƙofar gida yana ɗaurin dami. Da Malam ya ambaci takardar, ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya kamar ta Yaya ba. Aka kira ni. Malam ya ce, "Ba ke na ba takarda ba?" Inna na tsaye a bakin zaure, tana goye da autanmu, idonta a ƙasa. Na dube ta, na dubi Yaya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ta faɗi a hanya. Tsoro na ji, shi ya sa ban faɗa ba." Malam ya ɗaga hannu zai mare ni, Yaya ya riƙe shi. Bai zage ni ba, bai tambaye ni a ina ta faɗi ba. Ya koma kan daminsa ya ci gaba da ɗauri.

Da dukan ya yi mini da ya fi sauƙi. Shekara guda cur bai yi mini magana ba sai ta dole. Ya daina zuwa filin, ya ba wani ɗalibi raket ɗinsa kyauta. Amfanin gona ya shigo, rumbuna suka cika, dangi suka yi shiru, ni kuma aka kai ni sakandare da kuɗin audugar da ya tsinka. Rediyo ne kaɗai bai bari ba. Duk shekara ƙungiyar kan fita, wani lokaci ta hau, wani lokaci ta zame, ni kuwa duk ranar da aka ce an cinye mu sai in ji kamar da ni ake. Na san mai yiwuwa ko ya je ba za a ɗauke shi ba, samari da yawa aka kira. Amma ko damar a gwada shi a ce bai isa ba, bai samu ba.

Shekaru masu yawa suka wuce, Inna ta rasu ba ta taɓa tayar da maganar ba. Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, na sami Yaya zaune a kan kututture a bayan gida, furfura ta cika masa kai. Na ce, "Yaya, takardar nan ba faɗuwa ta yi ba." Ya ce, "Na sani. Tun ranar na sani. Ke da ko allura ba ki taɓa yarwa ba." Na ce to me ya sa ya yi shekara yana gaba da ni? Ya daɗe yana murza ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, sannan ya ce, "Ita ba zan iya fushi da ita ba. Ke ce kika tsaya a wurin. Ki yafe mini."

Yanzu an gina ajujuwa a kan tsohon filin, yaran Malumfashi kuwa in ka ce musu tanis sai su ɗauka na tebur kake nufi. Saƙo kan iso wayar mai shi kai tsaye, ba ya bi ta hannun 'yar shekara goma sha biyu. Yaya na nan yana noman masara da waken suya, 'ya'yansa duk sun yi karatu. In ƙungiyar ƙasa ta fita sai ya kira ni, ya ce in duba masa a waya yadda aka tashi, don idonsa ya yi rauni. Nakan faɗa masa yadda abin yake, ko ci ne ko faɗuwa. Mu uku ne muka yi wa juna ƙarya saboda ƙauna, ga shi mu biyu ne muka rage muna ramawa da gaskiya.