Rijiyar Dutsin Baushe

Ranar wata Laraba bayan an gama yankan gero, ina aji biyar, Malam Garba ya zana taswirar ƙasarmu a allo: ga Sabon Birni, ga Isa, ga gulbi ya ratsa, ga Alkalawa inda birnin Gobir na dā yake. Ya ce kowa ya faɗi garin kakanninsa. Da aka zo kaina na miƙe na ce, "Dutsin Baushe!" Sai aji ya kwashe da dariya, don tsaunin nan na bayan makarantarmu ba kowa a kansa sai awaki. Malam ya ce gari ba ya zama inda babu ruwa. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya mutuwa. Na ce kakata Hajo a can aka haife ta, suna da mai garinsu da kasuwarsu da rijiyarsu. Wata yarinya ta ce ai tsohuwar ta ruɗe. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu. Malam ya ce to, ranar Asabar duk aji za a hau, in nuna rijiyar.

Lokacin ƙafafun Kaka sun daina kai ta ko'ina. Na iske ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta, ta ba ni labarin yadda kakanninta suka haye tsaunin don gudun mahara, da yadda aka riƙa saukowa gida-gida kusa da fadama bayan an samu lafiya, har aka haɗe su da ƙauyukan gangare, sarautar ta mutu. Da na tambaye ta inda rijiyar take, ta ce, "Ki tsaya masallaci, ki ba gabas baya, taki arba'in. Ni ban ƙarya, ɗiyata."

Kai, ranar Asabar ɗin nan! Muka hau muna tsere, muna tsinkar magarya, ƙaya na yagar mana zane. Daga sama muka hango gulbi yana ƙyalli, da rumbuna, da motocin fatake a kan hanyar Nijar. Ga fasassun tukwane ko'ina, ga ramukan niƙa a jikin dutse. Masallacin kuwa jerin duwatsu kawai ya rage. Malam ya fiddo kamfas ya nuna mini gabas, na juya mata baya na ƙirga taki arba'in. Ba komai sai ƙaya. Na koma na sake. Yara suka fara tafi suna yi mini waƙa, hawaye ya cika mini ido.

Ina tsaye sai abin ya faɗo mini: gabas ɗin Kaka ba mafitar rana ba ce, inda take fuskanta in za ta yi salla ne. Na ruga wurin tsayuwar liman, inda duwatsun suka ɗan karkata hagu daga gabas ɗin kamfas, na juya baya na sake ƙirgawa. A taki na arba'in da biyu ƙafata ta hau wani faffaɗan dutse a ƙarƙashin sabara. Muka taru muka ture shi, sai ga rami mai zurfi. Malam ya jefa tsakuwa ciki, muka kasa kunne, can sai muka ji tsulum! Ihun da muka yi har awaki suka watse.

Da gudu na sauko, ban tsaya ba sai ɗakin Kaka. Ba ta tambayi wa ya yi dariya ba. Cewa ta yi, "To ina ruwan? Kin ɗebo min ko moɗa ɗaya?" Na ce ba mu je da guga ba, amma za ni koma. Aikin gida da makaranta suka sha kaina, kafin damina Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu ba mai hawa tsaunin, 'yan bindiga sun hana ko itace a yi a gindinsa, ni kuma ina Sakkwato da ruwan famfo a tsakar gida. Moɗa ɗaya kawai ta roƙe ni.