Kwaɗon Kara da Siririyar Ƙugiya

Gidanmu ba gidan masunta ba ne. Manoma ne mu gaba da baya, a wani ƙauye da ba shi da nisa da dam ɗin Watari. Baffa Iliya kaɗai, ƙanen mahaifina, shi ne idan an gama kai amfanin gona rumbu yakan saɓa fatsarsa ya nufi bakin ruwa. Shi ma abin da yake ɗaurawa a bakin fatsar ba aikin hannunsa ba ne. Kakarmu, Iya Abu, ita take haɗa masa, domin daga garin masunta aka auro ta, can nesa a bakin wani babban kogi.

Kwaɗon kara muke kiran abin. Guntun kara ne da bai wuce gaɓar babban yatsa ba, a tsaga cikinsa a kwantar da ƙugiya, a yi masa ƙafafu da gashin zabo. In an jefa shi sai ya tsaya a saman ruwa, in an fizgi igiya ya ce ɓul, kifi ya zaci ɗan kwaɗo ne ya faɗo daga ciyawa, ya taso ya cafke.

Lokacin ɗari take wannan aiki. Da an idar da sallar isha'i sai mu cika ɗakinta, ni da ƙannena da 'ya'yan Baffa, mu kewaye kaskon wuta. Ita kuma ta miƙe ƙafa, faifai a cinya, kayan aikinta a kai. Ba kowane kara take karɓa ba, sai na dawa wanda ya shekara a kan rumfa, ya bushe har ba ya jin nauyin kansa. Gashin zabon ma sai na gefen fiffike, wai na ƙirji da ya sha ruwa sai ya kwanta. Zare kuwa daga buhun taki take warewa, ta murza a cinya, ta goga masa kakin zuma. In ta gama ɗauri, ta zaro tsinke mai jan baki daga wuta ta ɗiga wa kwaɗon idanu biyu, mu kwashe da dariya.

Inda take ɓata lokaci shi ne wajen ƙugiya. Baffa yakan sayo mata su a kasuwar Shanono a ƙulle cikin leda, ta zazzage ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tana son mai dogon wuya don karan ya sami wurin kwanciya, mai buɗaɗɗen baki don kada jikin kwaɗon ya tare tsinin. Ta ja tsinin a kan farcenta, wadda ta zame ta ajiye gefe. Wadda ta kama farcen kuma ta matsa ta tsakanin yatsu. Duk wadda ta ji ta ƙi motsi sam, mai kauri kamar ƙusa, sai ta mayar wa Baffa.

Ni ne na tambaye ta dalili wani dare. Ta dube ni ta ce, "Maigida, kai da ba ka ba ni cefane sai tambaya? To ku gyara zama. Ga wata tatsuniya nan ta taho, wa zai ba ta wuri?"

Muka ce, "Ta shigo, tabarma a shimfiɗe take."

Ta ce an yi wani masunci, Malam Jatau, mutum ne marar yawan magana, yana da ɗa namiji guda ɗaya mai suna Ɗanlami. Da yaron ya isa riƙon fatsa, uban ya haɗa masa kwaɗin kara masu kyau, duk garin babu irinsu, amma ƙugiyoyin da ya sa musu sirara ne. Suna kama tarwaɗa, suna kama duk kifin da hannun yaro zai iya ja. Sai dai a ƙasan garin akwai wani gurbi mai zurfi inda giwan ruwa yake kwana. Duk ranar da babban kifin nan ya cafki kwaɗon Ɗanlami, da an fara ja-in-ja sai ƙugiyar ta miƙe, kifin ya tafi abinsa.

Samari suka sa shi gaba, suna kiransa mai ciyar da kifi sadaka. Ya dawo gida ransa a ɓace ya ce, "Baba, ka ba ni ƙugiya irin taka." Uban ya ce, "Wadda na ba ka ta ishe ka." Bai ƙara ko kalma ba. Yaron ya sake roƙo, amsar ba ta canza ba. Sai Ɗanlami ya ƙudurta a ransa cewa ubansa ya raina shi ne, ko kuma ba ya son ya kamo abin da shi bai taɓa kamowa ba.

Ya je wurin maƙeri a ɓoye aka ƙera masa mai kauri. Ya kwance kwaɗon ubansa ya sake ɗaure shi a kanta. Da sassafe ya tafi gurbin shi kaɗai, kuma don kada igiya ta suɓuce masa, ya naɗe ta a wuyan hannunsa.

A nan Iya takan ɗauki tsinke tana tona toka.

"Kifin ya zo," in ji ta. "Ƙugiya ta riƙe, igiya ta riƙe. Babu wanda ya saki wani."

Sai da yamma aka same shi a cikin ciyawar bakin ruwa, igiyar tana hannunsa. Malam Jatau ya kwance ta da kansa. Da ya ga ƙugiyar sai ya zauna a ƙasa, abin da aka ji ya ce kawai shi ne, "Ai don ta sake ka na zaɓe ta siririya." Daga ranar bai sake shiga ruwa ba. Yana zaune a zaure yana ɗaure kwaɗin kara, wanda ya zo ya ba shi, har ƙasa ta rufe idonsa.

Ƙanwata ta fashe da kuka ta ce, "Iya, wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo a ciki." Iya ta jawo ta jikinta ta ce, "Iyakar abin da na ji ke nan, uwata. Ku tashi ku kwanta, wuta ta mutu."

Ta sha maimaita mana labarin bayan haka, kuma abin da muka ɗauka a ciki shi ne yaro ya bi maganar na gaba. Haka iyayenmu ma suke fassara mana.

Ina da aure da 'ya'ya biyu Iya ta rasu. Ranar sadakar uku muna zaune da Baffa Iliya a ƙofar gida, na tuna masa Malam Jatau, ina murmushi. Sai Baffa ya ce, "Kai har yau tatsuniya ka ɗauke shi? Mahaifinta ne. Yaron kuma yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta kai masa fura bakin ruwa a ranar, ta tarar da takalmansa kawai. A gefen tsohon ta koyi ɗaurin nan, don ita kaɗai yake bari ta zauna kusa da shi." Shekaru muna dariyar idanun kwaɗo, ba mu san abin da hannuwan nan suke ɗauke da shi ba.

Yanzu a cikin birni nake zaune, a unguwar Bacirawa, ina sayar da hatsi. Bara babban ɗana Nura ya zo ya durƙusa ya ce yana son ya bi abokansa wajen haƙar zinare. Na ce a'a. Ya ce, "Baba, me ya sa?" Na ce, "Don na ce a'a." Ya tashi ya fita, na ga yadda ya taune leɓe. Kwanaki muna gaisawa kamar baƙi.

A cikin kwanakin nan ne labarin ya dawo mini ta wata fuska. Malam Jatau ya san ƙarfe, ya san ruwa, ya san ƙarfin hannun ɗansa, bai yi kuskure a zaɓinsa ba. Abin da ya gagare shi shi ne ya buɗe baki ya ce, ɗana, tsoro nake ji kada ruwa ya ɗauke min kai. Ya bar ƙugiya ta faɗa a madadinsa, ita kuwa ba ta da harshe. Da ya faɗa sai gawa ce ta ji.

Na kira Nura bayan magariba, na zaunar da shi a tabarmata, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa ba raina shi na yi ba. Na gaya masa na san mutanen da rami ya rufta da su, kuma in aka zo mini da irin wannan labari a kansa ban san yadda zan tashi tsaye ba. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana share ido, sannan ya ce, "Baba, ban san haka ba ne."

Duk da haka ya tafi bayan sallah ƙarama. Ban hana shi ba, na sa masa albarka. Ya yi mini alkawarin ba zai shiga rami mai zurfi ba, ni kuma ban san ko zai iya cikawa ba. Duk Juma'a yana kira, in wayar ta makara sai abinci ya ƙi shiga.

Ban sani ba ko magana tana tsare ɗa. Wataƙila da Malam Jatau ya faɗi dalilinsa, Ɗanlami zai je wurin maƙerin duk da haka. Amma da bai tafi bakin gurbin nan yana zaton ubansa ba ya ƙaunarsa ba. Nawa ɗan dai, duk inda yake a daren nan, ya sani.