Yaya Habu Ya Tambaye Ni Abin da Ke Rijiya ta Bakwai

Jiya da rana na yi wani mafarki, kuma har yanzu bai sake ni ba. Ba ma wani barcin kirki ba ne. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa, kaina yana sarawa, na kishingiɗa a tabarma a ƙofar ɗakin Umma ko hijabi ban cire ba. Na ce bari in kawo muku shi nan, ko a samu wanda zai faɗa min wani abu.

Waɗanda muke karanta Masu Jin Ruwa tare sun san halin da nake ciki tun da littafi na huɗu ya fito. Wanda bai sani ba kuma, labarin wata yarinya ne, Kande, 'yar mai haƙar rijiya, wadda take jin ruwa yana magana. Rijiyoyi bakwai aka rufe a ƙasarsu, kowace da abin da aka ɓoye a ciki. Littattafai uku na farko, rijiya uku ta buɗe. Yayana Habu ne ya fara shigo da littafin gidanmu ina aji biyu a sakandare. Shi yake karanta min, yana canza murya, in ya zo wurin daɗi sai ya rufe ya ce sai na wanke masa takalmi. Kullum muna gardama a kan abin da za a tarar a rijiya ta bakwai. Allah ya yi masa rasuwa a haɗarin mota kafin na huɗu ya fito.

Na yi shekaru ina jiran littafin nan. Da ya zo watan jiya, sai na tarar marubuciyar ta manta da ruwan gaba ɗaya. Samari biyu ne suke ta faɗa a kan Kande tun daga farko har ƙarshe. Ita kuma ta daina jin ruwa, ba a faɗi dalili ba. An buɗe rijiya uku a shafi biyu kamar ana korar mutum. Ta bakwai kuwa ko ambatonta ba a yi ba, aka rubuta alhamdulillahi, labari ya ƙare. Ban ma yi fushi sosai ba. Gajiya na ji, irin ta wanda ya yi doguwar tafiya ya tarar masu gidan sun tashi.

To a mafarkin, na gan ni a garin su Kande. Na san garin ne, amma ya fi kama da tashar motar garinmu. Gidajen babu rufi. Wasu ma ƙofa ce kawai a tsaye, babu ɗaki a bayanta. Mutanen littafin duk suna zaune a kan benci a jere, kamar masu jiran likita. Na ga Inna Dije, tsohuwar nan mai gadin rijiyoyi da aka daina maganarta tun daga na uku. Tana riƙe da makullai a cinyarta, tana gyangyaɗi. Na gaishe ta, ta ɗago ta dube ni ta ce, "An kira ni?" Na ce a'a. Ta mayar da kanta.

Can ƙarshen bencin Kande ce. Ta girma, ta kai sa'ata, ta toshe kunnuwanta da auduga. Samarin nan biyu suna tsaye a kanta suna ta magana, bakinsu yana motsi amma ba sauti. Na zauna kusa da ita na ce, "Kande, wa ya sa miki wannan?" Ƙafafunta kawai take kallo, duk sun yi faso.

Sai kawai na gan ni a tsakar gidanmu na da, wanda muka tashi daga cikinsa bayan rasuwar Yaya. Wata mata tana durƙushe tana wanke-wanke, kwanuka tuli a gabanta, tana wankewa suna ƙaruwa. Ban taɓa ganin fuskar marubuciyar ba, amma a mafarkin na san ita ce. Duk maganganun da na tanada wata guda suna bakina. Na ce mata, "Baiwar Allah, me ya sa kika yi mana haka?" Ba ta ɗago ba. Ta goge goshinta da bayan hannu, ta ci gaba da wanki. Na sake tambaya. Sai ta jawo wani guga da igiyarsa daga bayanta ta miƙo min, har yanzu ba ta dube ni ba. Hannunta ya yi fari fat saboda daɗewa a ruwa. Na karɓa, har na ji kunya ta kama ni.

Na fita ta zaure, sai kawai ga ni a wani fili, ba gida ba bishiya. Rana tana sama amma babu zafi. Rijiya ɗaya ce a tsakiyar filin, an ɗauke murfinta an jingine a gefe. Yaya Habu yana zaune a bakinta, ya saki ƙafafunsa ciki, sanye da shuɗiyar rigar nan tasa mai yagaggen aljihu. Bai tsufa ba. Ni ce ma na girme shi yanzu, abin ya dame ni ƙwarai.

Ya ce, "Jummai, kin daɗe. Ya fito?"

Na ce, "Ya fito, Yaya."

Ya ce, "To me aka samu a ta bakwai?"

Na so in yi masa ƙarya. Na so in ce abin da yake faɗa ne ya tabbata, shi ya ci gardamar. Yana ta kallona yana murmushi, irin wanda yake yi in ya san na ɓoye wani abu. Da ƙyar na ce, "Yaya, ba ta rubuta ba."

Ba ɓacin rai na gani a fuskarsa ba, sai dai kamar ya ƙanƙance kaɗan. Can ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "To ai ga ta nan. Zura mu gani."

Na zura gugan. Igiya tana ta tafiya, tana ta tafiya, ban ji ya taɓa ruwa ba. Shi yana bayana ya riƙe ƙarshen igiyar. Har na ce masa mu haƙura, sai na ji ta yi nauyi, nauyin da ya kusa fizge ni ciki. Muka fara ja tare. Daga ƙasa ina jin muryoyi da yawa, ba Hausa ba ce, amma kamar in na ƙara saurare kaɗan zan gane. Ina jin numfashin Yaya a bayana, yana cewa, "Ja, ja, ya kusa."

Sai kawai nauyin ya dawo hannuna ni kaɗai. Na waiga, igiyar tana yashe a ƙasa, babu kowa. Ko sawunsa babu. Na kira shi sau biyu. Ban saki ba, na ci gaba da ja ina kuka, kafaɗuna kamar za su cire. Na fara hango bakin gugan a cikin duhu, saura kamar kamu biyu ya iso.

A nan Umma ta taɓa ƙafata ta ce, "Jummai, tashi, la'asar ta yi, kina ta surutai." Na farka hannayena a dunƙule, farce ya shata min tafi.

Na ba ta labari sama-sama. Ta ce in yi masa addu'a, kuma in rage karance-karancen nan. Addu'a kam na yi, kullum ma ina yi. Wata ƙawata ta ce wai nufinsa in zauna in rubuta ƙarshen da kaina. Ni ba marubuciya ba ce, kuma ko alƙalami na ɗauka ban san abin da ke cikin gugan ba.

Don Allah masu sanin mafarki, ku taimaka min. Takaicin littafin ne kawai ya bi ni har barci, ko akwai abin da ake nuna min? Kuma abin da ya fi tsaya min a rai: da na daure na yi masa ƙaryar nan, da zai tsaya mu ƙarasa ja tare?