Jitar ɗan ƙanen mijina a bikin Etoudi

Shekarar da aka fara binciken jakunkunanmu a ƙofar kasuwar Mokolo, bayan damunar da ta kayar da bangon kicin ɗina, tun kafin cutar da ta sa kowa ya ɗaure hanci, a tsakanin nan ɗan ƙanen mijina ya sauka gidana a unguwar Briqueterie. Daga bakin iyaka ya gudo, da jita cikin buhun shinkafa. Matarsa da 'yarsu suna sansanin 'yan gudun hijira a arewa, suna jiran ya samu abin yi ya aika su taho.

Makaɗin biki ne a garinsu. Amfilinsa, akwatin nan da ke ba jita murya, ya ƙone ranar da bam ya tashi a kasuwarsu. Tun ranar kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma sai ka ɗaga murya.

Wani tela a unguwar Messa ya ara masa tsohuwar odinata, wato kwamfuta. Ashe a cikinta akwai hotunan amfili iri-iri, kowanne da maɓallansa, kana murɗawa muryar jita tana canzawa. Ya jona waya, ya kifa abin ji a kunne, ya wuni a zaure yana murɗe-murɗe.

"Inna, zo ki ji. Na sa masa ɗan kaushi irin na gida. Wannan kuma shi ke sa amo ya dawo, kamar kina waƙa a rijiya."

"Ni in sa abin da ya sha gumin kanka? Allah ya sauwaƙe."

Haka ya yi ta gyara, babu kunnen da ya ji sai nasa.

Ni kuwa a lokacin ba a ɗaukar makaɗi a unguwar nan ba a tambaye ni ba. Da matar wani Alhaji dillalin shanu a unguwar Etoudi za ta aurar da 'yarta, na ce ga ɗana. Ta ce, "Hajiya, in ya yi kyau, bikin duk 'yan kara masu kasuwar shanu nasa ne." Ranar ya aika wa matarsa ta fara ɗaure kaya.

Bayan la'asar aka jona odinatar da manyan lasifikoki na haya. Ya taɓa tsirkiya. Jama'a! Kun san ƙarar wuƙa a kan dutsen wasawa? To ku tara ɗari. Siririyar muryar nan da kunnensa ba ya kamawa, ashe ita ya yi ta ƙarawa har maɓalli ya ƙure. Jarirai suka tsala kuka. Ƙawayen amarya suka toshe kunne da mayafi. Shi ko ya lumshe ido yana murmushi, yana rausaya kai, shi a nasa yana gida.

Na ga uwar amarya ta juyo tana nemana da ido. Ni da ba a taɓa yi wa dariya a taro ba? Na miƙe na gyara ɗauri na ce, "Alhaji ya yi yanka, ga mai wasa wuƙa ya zo a makare!"

Wuri ya fashe. Ya buɗe ido ya ga mata suna tafawa, ya ɗauka yabo ne, ya ƙara ƙarfi. Sai da ƙanen ango ya zare wayar.

A hanya ya ce, "Inna, me kika ce suka yi dariya?"

Na matsa kunnensa na dama na maimaita masa.

Sunan mai wasa wuƙa ya bi shi, babu wanda ya sake kiransa biki. Tela ya karɓe odinatarsa. Ya koma jan fatu a mahauta, matar ta gaji da jira danginta suka raba auren.

Alhaji ya rasu, tela ya rasu, shi ma ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Uwar amarya tana nan, ba ta gane mutane. 'Yarsa an ce tana Maroua da ranta, ban taɓa ganinta ba. Mai tuna ranar, sai ni.