Agogon da Ya Yi wa Yaya Sada Shaidar Zur

Duk wanda ya zauna da Yaya Sada a Ƙofar Guga ya san ba a kawo masa labari haka kawai. Ka ce masa an yi ruwa a Batsari, sai ya tura hula ƙeya ya ce, "Wa ya shaida?" Shekarun da ya yi a kotun alƙali yana tantance shaidu ne suka bar masa wannan hali. Ni Isa ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko ni ban taɓa samun rangwame ba.

Da ciwon ƙirji ya kama shi, 'yarsa Binta da ke aikin jinya a Kaduna ta aiko masa da agogon hannu na zamani. Yana haska jar fitila a fata, ya faɗi yawan iskar oksijin da ke cikin jini, lambar kuma ta fita a wayarta. Ikon Allah! Yaya kuwa ba abin da ya tsana kamar gadon asibiti. Sai suka yi yarjejeniya: muddin lamba tana sama da casa'in yana gidansa, ranar da ta sauka ba gardama, sai asibiti.

Ranar da agogon ya iso ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ɗan wane gari ne? Wa ya san ubanshi?"

Na ce, "Yaya, na'ura ce fa."

"To, a kotu ma masu kyan riga sun fi iya ƙarya. Bari mu ji bakinshi."

Ba a jima ba ya ji. Ya yi alwala da ruwan randa mai sanyi, agogon na lilo a tsintsiyar hannu don ya ƙi a matse masa shi. Lamba ta faɗi warwas. Muna zaune yana shan fura sai ga kiran Binta.

"Baba! Baba, kana numfashi?"

Ya ajiye ludayi. "A'a, daga kushewa nike amsa miki. Mi za a faɗa wa kakanki?"

Wannan ya sa ya ce sai ya gwada shaidan nan da kyau. Yana da wani rago da yake kiwo don layya. Wallahi da idona na gani, ya aske ɗan gashi a ƙafar ragon, ya ɗaura masa agogon, ya riƙe shi tsam. Agogo ya yi ta tunani, sannan ya fito da lamba mai kyau, ko kunya babu. Da yamma Binta ta kira tana murna.

"Baba, yau jininka ya yi kyau! Me ka ci?"

"Harawa," in ji shi, "da ɗan dusa."

Na yi dariya har na ƙware. Da Binta ta gano rago aka ɗaura wa, sai ta yi fushi, ta ce za ta zo ta ɗaura masa shi da kwaɗo.

To amma abin da ya sa nake ba da labarin nan wata Juma'a ce. Na zo mu tafi masallaci, na same shi zaune a kan buzu, ya jingina da bango. Leɓɓansa sun sauya launi, kalma biyu ba ta fita sai ya huta. Na kama hannunsa na duba agogo: casa'in da bakwai. Raina ya so ya yarda, na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, ya ce lafiya lau. Gajiya ce."

Bisa yarjejeniya ya ci shari'a. Binta ba za ta kira ba, ni kuma ba ni da bakin tilasta shi. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya ce a hankali, "Isa, da ya yi ƙarya don ya cuce ni, dariya na yi. Yau ƙarya ya yi don ya daɗaɗa mini. Irin wanga shaida na fi tsoro. Nemo abin hawa, kai ni asibiti."

Mutumin da ya rantse sai dai a ɗauke shi a sume, ga shi yana lalubar takalminsa da kansa.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, Sista Rifkatu, ta matsa masa wani ɗan abu a yatsa, ta dubi lambar, ta ƙwala wa likita kira. Da ya ɗan farfaɗo ta yi masa bayani cewa hasken agogo kan ruɗe da sanyi ko motsi, kuma a baƙar fata irin tamu yakan faɗi fiye da gaskiya. Ta ce ko na yatsan ma, in sun yi shakka, sai sun ɗebi jini.

"Ashe ku ma shaidu biyu kuke nema," in ji Yaya. "'Yata, Allah shi yi miki albarka."

Likita ya ce da mun bari sai bayan sallar Juma'a, da wani zancen ake yi. Yaya kuwa idonsa na kan tukunyar ƙarfen da ke tura masa iska ta hanci. Can ya jawo hannuna ya ce, "Dubi, Isa. Tun ran da aka haife mu ake zuba muna wagga aba, muna barci muna farke, ba mu taɓa cewa mun gode ba." Hawaye ya gangaro masa har gemu.

Ya warke ya koma gida, ya ga damina, ya yi azumi gwargwadon iko. Da wa'adi ya yi, a ɗakinsa ya cika, Binta na riƙe da hannunsa.

Ya Allah, Kai da Ka ba shi numfashi Ka karɓi abinKa, Ka gafarta wa Yaya Sada, Ka yalwata masa makwanci, Ka buɗe masa ƙofar da iskar Aljanna za ta riƙa shigo masa. Amin.