Mun Kai Wa Yahudawan Sa'ada Littafinsu

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwar Utaibiyya ta Makka mu uku, kowa da ƙunshinsa a ka, muka nufi Kudai inda manyan motoci ke lodi. Ni ne, da abokina Basakkwace wanda muke sayar da zobban azurfa tare a kusa da Harami, sai ɗan maƙwabcina, Bayamane, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda shi ne ya san hanya. Duk wanda ya tambaye mu sai mu ce Sa'ada za mu, can arewacin Yaman, mu saro azurfa tun aikin hajji da saura. Ba ƙarya muka yi ba, amma akwai wani abin a cikin ƙunshina da ba mu faɗa ba.

Maƙwabcin nawa shi ne Ammi Hizam, tsoho mai gasa gurasa a bakin lungunmu, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa tun bara. Kwana bakwai kafin tafiyar ya kira ni ɗakinsa, ya jawo wani abu a naɗe cikin fata daga ƙasan akwati. Littafi ne, rubutun hannu, da wasu baƙaƙe masu kusurwa waɗanda ban taɓa gani ba. Ya ce na wani Bayahude ne maƙwabcinsa a ƙauye. Shekarar da yawancin Yahudawan Yaman suka tashi suka bar ƙasar, mutumin ya ba shi littafin ya ajiye wa ƙanensa, wanda ya tafi ƙira cikin duwatsu bai dawo ba. Kafin ƙanen ya dawo sai fari ya kori Ammi Hizam zuwa Makka. Shekara goma sha biyu ke nan. A hajjin bana ne wani alhaji ya ba shi labarin ƙanen yana nan da rai a wani ƙauye kusa da Sa'ada.

"Ba na son in mutu da kayan mutane a akwatina," in ji shi, ya roƙe ni in kai wa ƙanen. Na ce don me ba zai ba ɗansa ba? Ya ce, "Wannan? Kafin ku kai Ɗa'ifa duk motar ta ji labari."

Da na gaya wa maiɗakina sai ta ajiye muciya ta dube ni. "Malam, ka taɓa ganin Bayahude?" Ban taɓa ba. Shekarata goma sha huɗu a Makka, garin da wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. A tafsiri nake jin sunansu, sai kuma a rediyo, kuma rediyon ba ya faɗar alheri. Ga shi ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, sai tsohon fasfon alhazai na zamanin Turawa wanda ya daɗe da mutuwa. Duk da haka na karɓa, don ba na iya kallon idon tsohon nan in ce a'a.

Motar da muka samu ta ɗauko buhunan shinkafa da gwangwanayen kananzir, mu fasinjoji a sama. Da hantsi muka fara hawa, zafin Makka ya sake mu kaɗan kaɗan, har muka shiga Ɗa'ifa Basakkwace yana neman bargo. Riyal ɗaya ya saya mana inabi cike da hula da rumman huɗu. Daga nan kwalta ta ƙare. Kwana huɗu muka yi muna girgiza, mu sauka mu tura, mu hau, mu sake sauka. A Bisha dabino ya yi arha har mai shayi yana ba da shi kyauta. A wani rafi busasshe taya ta nutse cikin rairayi tun azahar har la'asar, direba yana zagin motar da sunan uwarta, mu muna cusa ƙirare a ƙarƙashi.

A shingen ƙarshe na ƙasar Saudiyya soja ya karɓi fasfona ya daɗe yana duba hoton. A hoton ba ni da gemu ko ɗaya. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Ƙanenka ne?" Na ce ni ne, shekaru ne suka yi aikinsu. Ya yi dariya ya miƙo min, ya ce mai fita ba shi da wahala, in dai yi tunanin dawowa. Ƙunshina ko taɓa shi bai yi ba.

Bayan Zahran ta kudu mota ba ta wucewa, sai jakuna. Ƙasar nan ta ba ni mamaki. Gonaki ne a jikin dutse, hawa bisa hawa kamar matakala, dawa ta yi kai ta sunkuya, gidajen laka masu bene huɗu da biyar. Kuɗinsu ma dabam ne, wani tsohon riyal na azurfa mai nauyi da hoton wata tsohuwar Baturiya. Sun fi shan ɓawon gahawa da citta a kan gahawar kanta. Ranar da aka kawo mana asida da miyar hulba, Basakkwace ya ɗebi loma ya rufe ido ya ce, "Wallahi tuwo na. Miyar ta dai ba ta yi karatu ba."

Kwana ɗaya ya rage mu isa sai wani askari ya tare mu a mashigar dutse. Ba takalmi a ƙafarsa, doguwar bindiga a kafaɗa, wuƙa a ciki, kumatu ɗaya a kumbure da ganyen da suke taunawa. Ya sa aka kwance kaya duka. Ina ji ina gani ya ɗauki naɗin fatar ya warware. Askarin ya buɗe shafi ɗaya, ya dube ni, ya kira ni da sunan da Larabawa ke kiran mutanen ƙasarmu.

"Ya Takaruni, ina ka samo littafin Yahudawanmu?"

Na gaya masa gaskiya daga farko har ƙarshe, don ban shirya wata magana ba. Ya naɗe littafin da kyau fiye da yadda ya same shi. Ya ce mutumin da muke nema Mori Salim ne, malamin ƙauyen, shi ya ƙera sarƙar auren uwar askarin da ta matarsa, kuma Yahudawan nan suna ƙarƙashin kariyar ƙabilarsu, wanda ya taɓa su ya taɓa shehinsu. Ya saɓa bindiga ya shige gaba, sai da ya kai mu ƙofar ƙauyen.

Mun dace da idinsu, wanda suke kira idin bukkoki. Gidajen Yahudawan ba su fi goma sha biyar ba, amma ƙauyen a cike yake, don 'yan'uwansu da ke warwatse gida ɗaya ɗaya a ƙauyukan duwatsu duk sun hallara da jakunansu da matansu. A nan ne kaɗai ake da malami da ɗakin ibada. Kowane gida an kafa rumfar karan dawa, a ciki suke cin abinci har kwana bakwai. Da na ga rumfunan sai na tuna gonar kakana a bayan Kano. Mutanen kuwa da ba don wani gashi da mazan ke bari a murɗe a gefen kunnuwa ba, ba za ka bambanta su da sauran Yamanawa ba, Larabcin ɗaya, zanen ɗaya.

Mori Salim ɗan ƙaramin tsoho ne, idanunsa sun yi fari, yatsunsa duk tabon wuta. Ɗan Ammi Hizam ya faɗi sunan ubansa, ni kuma na ɗora masa naɗin a cinya. Ya shafa fatar, ya buɗe, ya kai littafin hancinsa ya shaƙa, sai hawaye. Ya kira babban ɗansa ya ce ya duba shafin ƙarshe. Ɗan ya karanta, sunayen mutanen gidansu ne da ranakun haihuwarsu, da hannun mahaifin Mori, wanda shi ya kwafe littafin. Attaura ce. Mata suka fara guɗa irin tasu.

Da ya natsu sai ya tambayi inda littafin ya zauna duk shekarun nan. Muka ce Makka. Ya yi dariya har da tari. "Shekara goma sha biyu a Makka? Ashe ya zama alhaji. Ku yi masa waje ya zauna a gaba."

Kwana uku muka yi. Aka sauke mu a ɗakin wani maƙeri, aka kawo tabarma sabuwa da buta. Da azahar ta yi ina dube-dube, maƙerin ya nuna min alƙibla da hannu, ya ce su ma arewa suke fuskanta, sai dai nasu ya wuce namu nisa. Akwai wata kwalba da suke zagayawa da ita bayan cin abinci. Da suka lura Basakkwace ya ɗaure fuska sai kwalbar ta ɓace, ba mu sake ganinta ba. A madadinta aka cika mana faranti da zabibi da gasasshen wake da almon.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne karatun. Kowace safiya yara sukan zauna a ƙasa su kewaye littafi ɗaya, saboda littattafan sun yi ƙaranci tun da mutane suka tafi. Wani yana karantawa ta gaba, wani ta gefe, wani kuma rubutun a kife yake gare shi, amma duk murya ɗaya suke tafiya, suna rangaji gaba da baya. Maƙerin ya ce shi har yau a kife ya fi iya karatu, don wurin zamansa ke nan tun yana yaro. Da yamma kuma manya su taru. Mutum ɗaya ya ja aya da harshensu na ibada, wani ya fassara da Larabci, Mori ya yi bayani. Basakkwace ya raɗa min, "Ga mai jan baƙi, ga malam. Azumi kawai ya rage." Mai karatu in ya yi tuntuɓe a wasali ɗaya, ɗakin duka zai ɗauka da gyara, har 'yan shekara bakwai, ko da kuwa kakansu ne. Mata suna daga bayan ƙofa suna saurare, in an tashi su kuma su yi waƙoƙinsu da Larabci, maza su yi rawa biyu biyu ana kaɗa gwangwanin kananzir. Na tambayi dalilin gwangwani. Aka ce tun da aka rushe babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus ba su ƙara taɓa kayan kiɗa na gaske ba.

Ashe akwai wata tsohuwar gardama tsakanin Mori da wani dattijo daga wani ƙauye, a kan yadda ake furta kalma ɗaya. Kowace shekara sai sun yi, kowace shekara Mori sai ya ce da littafin ubansa yana nan da an ga gaskiya. To, ga littafi ya zo. Aka buɗe, kawuna suka haɗu a kansa. Sai dattijon ya miƙe yana tafi. Shi ke da gaskiya. Mori ya riƙe kai ya ce, "Shekara goma sha biyu ina jiran mai ba ni shaida, ya zo ya ba da shaida a kaina." Har mu da ba mu san kalmar ba sai da cikinmu ya yi ciwo don dariya.

Ranar ƙarshe suka yi saukar karatunsu na shekara. Mu muna bakin ƙofa. Suka fito da babbar Attaura ta fata a cikin akwatin itace, suka zagaya da ita suna waƙa, yara a kafaɗun iyaye. Suna kai aya ta ƙarshe, ko zama ba su yi ba suka koma ta farko. Washegari da muka je sallama na tambayi Mori ko su ma za su tafi. Ya ce bai sani ba, kowace shekara rumfunan raguwa suke. "Amma ko yaro ɗaya ya rage, ya Hajji, zan zaunar da shi ya yi karatu." Ya ba ni zuma da zabibi in kai wa Ammi Hizam, da saƙon cewa bai makara da mayar da amana ba.

Mun sari azurfarmu a kasuwar Sa'ada, aikin hannu mai kyau wanda alhazai za su yi rububinsa. A dawowa na bi ayarin masu umra na shige cikinsu, ba wanda ya nemi takardata. Kwana ashirin da uku bayan fitarmu muka sauka a Kudai, baƙi ƙirin, duk gaɓoɓi suna ciwo. Ammi Hizam ya sa na maimaita masa saƙon sau uku, sannan ya juya fuska bango ya ce mu ba shi wuri.

Na tafi da tsoron mutanen da ban taɓa gani ba, na dawo ina jin kunyar kaina. Addininsu nasu ne, nawa nawa ne, ba wanda ya ja wani. Amma na ga mutane 'yan kaɗan a tsakiyar duwatsu, ba hukuma, ba dukiya, sun riƙe harshen kakanninsu saboda kawai suna taruwa suna zaunar da yaransu. Mu kuwa muna da yawa a Makka, daga Utaibiyya har Shisha, amma 'ya'yanmu in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsawa.

Saboda haka na zagaya gidajen mutanenmu, muka yanke kowace Alhamis bayan la'asar za mu taru a soron gidana da yara, a yi karatu, a fassara da Hausa, tsofaffi su ba da labarin gida. Zaman farko gida shida suka zo. Na ce wa 'yata ta tashi ta gai da baƙi da Hausa. Ta tashi, ta durƙusa yadda uwarta ta koya mata, ta dubi dattawan nan da yammacin nan ta ce, "Ina kwananku." Soron duka ya ɗauka da gyara.